Shin Dole Ne Sai Mai Kuɗi Zai Tsaya Takara?

Tambaya: Ni malamin makarantar sakandare ne a ƙasar Argungu. Matasan mazaɓarmu sun daɗe suna matsa mini in nemi kujerar majalisar dokokin jiha, amma duk dattijon da na tuntuɓa sai ya fara tambayata ko nawa na tanada. Shin doka ta shardanta dukiya ga mai neman kujera? Idan ba ta shardanta ba, me ya sa ake cewa talaka ba ya takara?

Amsa: Malam, doka ba ta shardanta dukiya ba. Sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya nemi abubuwa huɗu ne ga mai son shiga majalisar jiha: ya kasance ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25 (da 30 ne, gyaran 2018 ya rage), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya zama ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ta tsayar da shi. Inda batun aljihu ya shigo kawai shi ne sashe na 107, wanda ya haramta takara ga mutumin da kotu ta ayyana ya karye da bashi kuma bai warware ba. Amma ka lura da sharaɗi na huɗu, domin a nan ne dattawan da ka tuntuɓa suke da gaskiya. Tunda babu ɗan takara mai zaman kansa, dole ka bi ta ƙofar jam'iyya, kuma jam'iyya ce ke yanka wa ƙofarta farashi.

A shekarar 2022, APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha a kan naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50, na shugaban ƙasa kuwa miliyan 100. PDP ta sayar da na majalisar jiha naira 600,000, na gwamna miliyan 21. An yi wa matasa da mata da masu buƙata ta musamman rangwame, amma duk da haka, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, fom ɗin miliyan 2 ya haura albashin shekara biyar na ƙaramin ma'aikaci, ko da bai ci ba bai sha ba. Kuma fom shi ne mafi sauƙin abin da za ka biya, domin shi kaɗai ne aka rubuta farashinsa a fili.

Inda dukiya ta fi yin aiki shi ne zaɓen fid da gwani, kuma lissafi kaɗan zai nuna maka dalili. Jihar Kebbi tana da gundumomi 225 da kujerun majalisar jiha 24, wato kowace mazaɓa tana da gunduma tara ko goma a matsakaici. A 2022 APC ta yi amfani da daliget biyar daga kowace gunduma, wato wakilan da ke zaɓar wa jam'iyya ɗan takara, PDP kuma uku. Ke nan a wancan zangon makomar kujerar da ke wakiltar dubban jama'a tana hannun mutum hamsin ko ƙasa da haka. Mai kuɗi ba zai iya sayen zuciyar duk jama'ar Argungu ba, amma mutum hamsin da ya san sunayensu da gidajensu da basussukan da ke kansu ba su fi ƙarfinsa ba. Ba a ranar zaɓe ake fara wannan ciniki ba: ana fara shi ne tun daga buhun shinkafar azumi, da ragon layya, da kuɗin asibiti, da gudummawar biki da ta suna, ta yadda idan ranar ta zo daliget zai ji nauyin mutumin ya hana shi duban wani. Wasu suna ganin 'yar tinƙe, wato 'yan jam'iyya duka su zaɓi ɗan takara kai tsaye, ita ce maganin wannan, kuma lallai tana rage ƙarfin daliget, sai dai takan mayar da kashe kuɗin zuwa hayar motoci da tara 'yan jam'iyya a kowace gunduma. Maslaha kuwa, wato tsayar da ɗan takara ta hanyar sulhu, a mafi yawan lokuta, sunan da ake yi wa zaɓin da manya suka riga suka yi ne a falon wani.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta yi ƙoƙarin sa linzami. Sashe na 88 ya ƙayyade cewa ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe fiye da naira miliyan 30, na gwamna biliyan 1, kuma kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Amma tarar wanda ya ƙetare iyaka kashi 1 cikin 100 ce ta adadin da aka yarje masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba. Ga kujerar da kake nema, tarar naira 300,000 ke nan a zaɓen 2023, abin da bai kai kuɗin fasta ba. Ƙari a kan haka, yawancin kuɗin siyasa a hannu suke yawo, babu rasit, babu shaida.

Da zarar an wuce tikiti, ƙarfin kuɗi yana raguwa, duk da cewa ba ya ɓacewa. Dole ne ka tanadi wakili a kowace rumfar zaɓe tare da abincinsa da kuɗin motarsa, domin akwatin da ba ka da ido a kansa ba naka ba ne, sannan ka tanadi lauya saboda ƙarar da kan biyo baya. Waɗannan halattattun buƙatu ne. Sayen ƙuri'a kuwa laifi ne da sashe na 121 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadar wa tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, kuma ba ya ba da tabbacin da masu yinsa suke zato. A 2023 Atiku Bagudu, yana kan kujerar gwamna, ya nemi sanatan Kebbi ta Tsakiya, amma Adamu Aliero na PDP ya kayar da shi. A Zamfara ma Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle. Ba ina nufin waɗanda suka yi nasarar talakawa ba ne, domin Aliero tsohon gwamna ne, Dauda kuma tsohon babban jami'in banki. Abin da nake nunawa shi ne, idan ɓangarori biyu duk suna da abin hannu, wani abu daban ne ke raba gardama, kuma mutanen karkara sun daɗe da koyon karɓar atamfa da taliya daga wannan su jefa wa wancan.

Za a ce maka ai gwamnan Kebbi, Nasir Idris, malamin makaranta ne kamarka. Gaskiya ne, amma bai fito daga aji kai tsaye zuwa gidan gwamnati ba. Ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, wadda ke da mambobi a kowace ƙaramar hukuma, kuma jam'iyya mai mulki ce ta tsayar da shi. Abin da wannan misali yake koyarwa shi ne, jama'a masu tsari suna iya tsaya wa mutum a madadin wani ɓangare na dukiya, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka, tambayar da ta fi dacewa ka yi wa kanka ita ce: kuɗin wa zan yi takarar da su? Da wuya a rasa wani attajiri ko babban ɗan siyasa da zai ce zai saya maka fom idan ya ga kana da farin jini, kuma a ganina nan ne haɗarin ya fi yawa ga irinku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ɗan majalisa shi ne kwangilar ayyukan mazaɓa, da guraben aiki, da yin shiru a zaure lokacin da ya kamata ya yi magana. Idan matasan da ke matsa maka da gaske suke, ka gwada su da abu mai sauƙi: su buɗe asusu, su haɗa kuɗin fom da kansu, kowa da abin da ya sawwaƙa, a rubuta sunan duk wanda ya bayar. Idan suka kasa tara wannan a cikin wata uku, ka san cewa tafi suke da shi, ba ƙuri'ar daliget ba.

Kafin komai, ka je ofishin INEC na Birnin Kebbi da sakatariyar jam'iyyarka ka karɓi ƙa'idojin wannan zangon, domin farashi da tsarin fid da gwani suna sauyawa daga zaɓe zuwa zaɓe. Ka kuma tuna cewa idan kai ma'aikacin gwamnati ne, sashe na 107 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta maka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, don haka ka fara lissafin abin da iyalinka za su ci idan aka faɗi, kafin ka yi lissafin fasta.