Lambatun Unguwarku Ba Alfarmar Ciyaman Ba Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a cikin birnin Kano. Bara da damina lambatunmu ya toshe, ruwa ya shiga gidaje, har katangar wani maƙwabcinmu ta faɗi, Allah dai ya kiyaye ba a rasa rai ba. Muka kira taro, jama'a suka kawo shawarwari: yashe lambatu, wurin zuba shara, fitilun titi, gyaran asibitin sha-ka-tafi, har da taransifoma. Yanzu ƙungiya ta dare biyu. Wasu sun ce tunda akwatinmu bai zaɓi jam'iyya mai ci ba, ba abin da za a yi mana sai mun je mun yi mubaya'a. Wani kuma ya ce a haɗa masa kuɗi, yana da hanya, zai sa takardarmu a hannun ciyaman. 'Yan haya sun daina zuwa taro. Ga damina ta ƙarato, wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Ta ina za mu ɓullo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya tsare gaba, ya mayar wa maƙwabcinku da alheri. Tsoronka yana kan hanya, domin katangar da ta sha ruwa bara ba za ta jira ku gama rigimar jam'iyya ba. Zan fara da abin da ba ya jira.

Yashe lambatu kafin ruwan farko, wannan ku za ku yi da shebur da manjagara da baro, don lokaci ya ƙure. Ku ɗauki Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, tunda dama an hana zirga-zirga da safe. Ku fara daga ƙasa, inda ruwanku yake faɗawa babbar magudana, sannan ku yo sama. Kuma kada ku yi abin da ake yi kullum, kowa ya yashe ƙofar gidansa ya jibge dagwalon a bakin lambatu, ledar fiya-wata da robar lemo da yashi, ruwan farko ya zo ya mayar da shi inda ya fito. Tun kafin ranar ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta REMASAB ku nemi mota. In ba ta samu ba, ku ɗauki hayar a-kori-kura a kwashe a ranar. Kuɗin da ake cewa a haɗa wa mai hanya, ga inda zai yi amfani.

To, yanzu sai maganar mubaya'a da mai hanya, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na daɗe a sashen tsare-tsare da kasafi na ƙaramar hukuma, kuma babu cutar da na gani tana kashe ƙungiyoyin unguwa kamar wannan tunani, cewa aikin gwamnati alfarma ce da wani babba yake yi wa waɗanda yake so. Ɓangarorin ƙungiyarku biyu suna ganin sun saɓa, alhali abu ɗaya suka yarda da shi. Ɗaya yana son ya sayi alfarmar da ƙuri'a, ɗayan da kuɗi.

Je ka buɗe Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. A can aka jera ayyukan ƙaramar hukuma baƙi da fari: ginawa da kula da hanyoyin cikin unguwa, fitilun titi, magudanan ruwa, kwashe shara, bayan gida na jama'a, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, sa wa tituna suna da gidaje lamba, sannan da sa hannu a harkar firamare da lafiya. Kusan duk abin da jama'arku suka lissafa yana ciki. Kuɗin yin su kuma ba daga aljihun kowa yake fitowa ba. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 cikin ɗari na harajin VAT, wanda kai da ɗan hayar unguwarku kuke biya duk lokacin da kuka sa kati a waya. Ana raba shi duk wata, ana kuma wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, da wayarka za ka iya dubawa. A cikin ma'aunin rabon akwai yawan jama'a, akwai faɗin ƙasa. Babu inda aka ce a duba akwatin da ya zaɓi wane. Da kawunanku aka ƙirga aka karɓo kuɗin.

Na san yadda ziyarar neman alfarma take, na sha ganinta ta tagar ofis. A yi hayar bas, dattawa su ci manyan riguna, a zauna a barandar sakateriya tun hantsi har azahar. In an samu shiga, mai magana da yawun tawaga ya kwashe rabin lokacin yana kirari da godiya kan aikin da ba a yi ba tukuna. A miƙa takarda, mai girma ya miƙa wa wani yaronsa na gefe, ya ce insha Allahu za a duba. A yi hoto. A bakin ƙofa a ba jagora ambulan na kuɗin mai. Kafin bas ta iso unguwa an fara faɗa a kan ambulan ɗin. Takardar kuwa ba ta shiga rajista ba, ba ta da lamba, ba ta da fayil, tana aljihun yaron can har ranar da za a kai rigar wanki. Bayan wata shida in kun koma, wa za ku ce ya karɓa? Da wace shaida?

Ko an dace an yi muku wani abu ta wannan hanya, abin da mai bayarwa yake so za a yi, ba abin da kuke buƙata ba. Lambatu ba ya kyau a hoto. Shi ya sa unguwar da ruwa ke cinyewa sai ka ga an kafa mata tuƙa-tuƙa da ƙaton allo mai hoton wanda ya ɗauki nauyi, ta yi wata uku ta tsaya, babu wanda zai gyara don babu sashen da ya san da ita a littafinsa. Wanda ya roƙa kuma ba ya da bakin cewa siminti bai ji ba, ko ɗan kwangila ya gudu. An ba ka kyauta, za ka ce ba ta yi ba?

Mafi muni, alfarma ita ce take raba kan unguwa. Tunda don wani ake yin ta, dole a tambaya don wa aka yi, wa ya kawo, wa za a gode wa, a ƙofar gidan wa za a kafa. Daga nan sai 'yan wannan jam'iyya su ƙi taɓa aikin don kada wancan ya samu suna, har ka ji ana addu'ar kada aiki ya yiwu. Ɗan haya da baƙo kuma su ga ba su da wuri a lissafin, tunda ba su da uban gida a sakateriya, sai su zauna a gida. Ba lalaci ne ya hana 'yan hayarku zuwa taro ba, sun fahimci inda taron ya dosa ne.

Shi kuma mai hanya, kowace sakateriya tana da irinsa, suna zaune a ƙarƙashin bishiya da fayil a hammata. Sana'arsu ke nan. Miƙa takarda a ofishin gwamnati kyauta ne, ko sisi ba a biya. In aiki ya zo da kansa don dama yana cikin kasafi, sai ya ce shi ya kawo. In bai zo ba, sai ya ce kuɗin bai kai ba, a ƙaro. Ta kowace fuska shi ba ya faɗuwa.

Kada ka ce Malam bai san ƙasar da yake ciki ba. Na san siyasa tana karkatar da aiki, na san kuma sau da yawa ciyaman ɗin kansa hannunsa a ɗaure yake. Sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗaka tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan gwamnoni suka daɗe suna riƙe wuyan kuɗin. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatarwa dai har yanzu tafiyar hawainiya ake yi. Amma wannan ƙarin dalili ne na bin takarda. Inda kuɗi ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, ma'aikacin da ke haɗa kasafi abin da ke cikin fayil yake iya karewa a gaban manyansa. Kirarin da aka yi a ofishin ciyaman ba ya shiga fayil.

Saboda haka ku zauna ku tace shawarwarin nan. Da farko ku ware kowace da mai ita. Taransifoma ba aikin ƙaramar hukuma ba ne, na kamfanin rarraba wuta ne, kuma hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sha faɗa cewa ba alhakin masu amfani da wuta ba ne sayen taransifoma ko turaku. Asibitin sha-ka-tafi yana da kwamitin ci gaban mazaɓa, WDC, ku nemi shugabansa, ku sa mutum biyu daga cikinku su riƙa halartar zamansa. Babban titi da babbar magudana galibi na jiha ne. Birnin Kano a rarrabe yake tsakanin ƙananan hukumomi takwas, ruwa kuma bai san iyakar Dala da Gwale ba, don haka in lambatunku ya ratsa wata ƙaramar hukuma ku nemi ƙungiyar can ku sa hannu tare. Abin da ya rage ku zaɓi biyu, in ya yi yawa uku. Takardar da ta zo da buƙata goma sha, ba wanda yake karanta ta har ƙarshe.

Ku rubuta ta da ma'auni. Kada ku ce muna fama da matsalar ruwa. Ku ce lambatu daga kwanar kaza zuwa kwalbatin kaza, tsawonsa mita kaza, ya karye a wuri kaza, gidaje kaza ruwa ya shiga bara, ga hotuna. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sani, jama'a su sa hannu ko su dangwala. Ku kai ofishin rajista da kwafi biyu, kada ku taso sai an buga wa naku tambarin karɓa da kwanan wata. Wannan tambarin ya fi muku hoto da ciyaman sau dubu. Ku ba kansilanku kwafi, shi ne wakilinku ko kun zaɓe shi ko ba ku zaɓe shi ba. Mazaɓu 484 ne a jihar Kano, kowace da nata. Kwafi ɗaya ma'aikatar ƙananan hukumomi, ɗaya ɗan majalisar jiharku.

Ku kuma san lokaci. Shekarar kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba, kasafi kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa shi. Wanda ya kawo buƙatar gina sabon lambatu ana gobe damina ya makara da wata shida. Ku kai taku yanzu don ta shiga rajista, ku sake tunatarwa wajen Agusta da Satumba, sannan ku nemi ganin kasafin idan ya fito. In an yi muku shiru, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. In kuma an sa aikin a kasafi ba a yi ba, ko an fara an watsar, akwai masu bibiya irin su Tracka na ƙungiyar BudgIT, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tana bin ayyukan mazaɓu. Maƙwabtanmu na Kaduna sun gwada wani tsari inda al'umma ke rubuta buƙatunta bisa fifiko a miƙa kafin a haɗa kasafi. Ba sai an kafa muku doka ba kafin ku yi irinsa a unguwarku.

Haɗin kan da kake nema kuwa ba a samunsa da wa'azin haɗin kai a taro. Ku ɗauke taron daga ƙofar gidan duk wani mai jam'iyya, kada kuma ku kai shi masallacin ɓangare ɗaya, ku nemi aji a firamaren unguwa. Ku hana zuwa da hula ko tutar jam'iyya. Duk mai neman takara ya sauka daga shugabancin ƙungiya, ya ba da gudummawarsa kamar kowa. Ku ba 'yan haya kujera a kwamiti, ruwa ɗakinsu ya fara shiga, su ne a ɗakunan ƙofar gida. Ku je ku gayyaci wanda ba Bahaushe ba da wanda ba Musulmi ba da bakinku, kada ku ce ai sun ji sanarwa. Mata su yi nasu zaman su aiko da wakilai, don su suka san gidan da ke zubo shara a lambatu da daddare. Kuɗi kuma a karanta shi a bainar jama'a kowane taro, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan da aka saya wa masu aiki. Ku ji tsoron Allah a kan kuɗin nan, a cikinsa akwai naira ɗari biyun bazawarar da ta hana 'ya'yanta koko ta bayar, kuma ranar da aka ji ƙishin-ƙishin an taɓa shi, ko limamin Juma'a ba zai sake tara muku mutanen nan ba.

Mutuminku mai hanya kada ku yi faɗa da shi, ɗan unguwa ne, gobe da shi za ku yi jana'iza da suna. Ku gode masa, ku ce ƙungiya ta yanke ba za ta ba kowa kuɗin kai takarda ba, amma kuna son ya raka ku ranar da za ku je rajista tunda ya san wurin. Ranar Asabar ɗin yashe lambatu kuma ku tanadar masa shebur.