Amsa: GPX 5000 ko Gold Monster a jar ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce Gold Monster ɗinka tana ta kuka a jar ƙasa mai marmara, kana tambaya ko GPX 5000 za ta fi. Duka biyun na'urorin neman zinare ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Gold Monster 1000 tana aiki a kilohaz 45, shi ya sa take jin ɗan zinare kamar ƙwayar gero kusa da sama, amma sinadarin ƙarfen da ke cikin marmara yana ruɗa ta. Rage ƙarfin jinta zuwa 6 ko 7, ko ka bar ta a Auto ta daidaita kanta, ka sa ƙaramin faifai, wato abin da ake shara da shi a kan ƙasa.

GPX kuwa ta fi jure irin wannan ƙasa, ta fi shiga zurfi, amma sai an daidaita ta. Ɗaga faifai daga ƙasa, ka danna Auto Tune don ta rage hayaniyar lantarkin da ke kewaye, ka jira kamar minti ɗaya. Sannan ka nemi wurin da babu ƙarfe, ka riƙe maɓallin Quick-Trak mai daidaita ta da ƙasar wurin, kana ɗaga faifai kana sauke shi tsakanin santimita 2 zuwa 10, har sautin ya kwanta. In akwai ƙusa a ƙarƙashi, ka ɓata saitin gaba ɗaya. Da faifan Mono, mai naɗin waya ɗaya, zaɓi saitin Fine Gold ko Enhance.

Don Allah kada ka yi ta maimaita shara kan sauti mai rauni kana kan Tracking, saitin da ke bin canjin ƙasa da kansa, na'urar za ta ɗauke shi ƙasa ce ta shafe shi. Koma Fixed, saitin da ba ya canzawa, ka kankare santimita 5 na sama, ka sake saurara. In sautin ya ƙaru, tona.