Allon ƙofar fita a gidan renon yara: amsa ga 'yar'uwarmu ta Garin Malam

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da iyaye suka kwashe yara yau da la'asar sannan na zauna in ba ki amsa a tsanake. Kin ce za ki buɗe wurin renon yara a gidanku a Garin Malam, nan Damagaram, yara kamar 15, daga masu rarrafe zuwa 'yan shekara huɗu, kuma wani ya ce miki sai kin kafa koren allon nan mai rubutun SORTIE, wato hanyar fita, a kan ƙofa. Kina son ki san ko dole ne, da kuma me ake buƙata ban da shi saboda gobara. Shekarata tara ina wannan aiki a gidanmu a Sabon Gari, kuma wuta ta taɓa tashi mini yara suna barci. Shi ya sa na kasa wucewa in yi shiru.

Allon ki kafa shi, ba ya cin kuɗi. Amma ki san wa kike kafa wa. Ɗan shekara biyu bai san SORTIE ba, bai san kibiya ba. Allo na manya ne: sabuwar mai taya ki aiki, uwar da ta zo ɗaukar ɗanta abin ya rutsa da ita, maƙwabcin da ya diro ta katanga zai taimaka bai san ciki da wajen gidanki ba. Ki nemi koren mai hoton mutum yana gudu ta ƙofa. Wani ɗan ƙasar Japan ne ya zana shi, duniya ta karɓa, don wanda bai yi lakwal ba ma yana gane shi. Ki sayi irin wanda ke shan haske da rana ya yi ƙyalli a duhu, ko mai batir a ciki, tunda kin san halin kuran a garin nan, kuma in wuta ta tashi abin da za a fara yi shi ne a kashe konta. A Faransa ƙa'ida ita ce irin fitilar nan ta ci gaba da haske awa ɗaya bayan an ɗauke wuta, a Amurka minti 90. Abin da na ƙara da kaina shi ne sawun ƙafa da koren fenti a ƙasa, tun daga ɗakin barci har bakin ƙofa. Hayaƙi daga sama yake fara cika ɗaki, allon da ke saman ƙofa shi yake fara ɓacewa, amma sawun da ke ƙasa yaro yana ganinsa, kuma shi ne tsayin idonsa.

Ko a Amurka ɗin da suka tsananta kan ƙa'idojin gobara, gidan da yaran ba su wuce 12 ba, ba allo suka fi matsa wa mai gidan a kai ba. Abin da suke nema hanyar fita biyu, na'urar jin hayaƙi, da gwajin fitar da yara kowane wata. Ni ban san wannan ba sai da na ɗanɗana.

A shekarata ta uku ne, lokacin bazara, bayan azahar. Yara 11 na kwance a ɗakin da na ware musu, ni da yarinyar da ke taya ni muna wankin kwanoni a tsakar gida. An ɗauke kuran tun hantsi, sai aka maido shi. A ɗakin akwai ralonji ɗaya, wayar nan mai ramuka da yawa, na jona fanka biyu da cajar waya, na ja ta bayan labule har zuwa firigo a ɗaya ɗakin. Ƙaurin roba muka fara ji. Kafin in ture ƙofa labule ya kama, ya faɗo kan katifar soso da ke jingine da bango. 'Yar'uwa, hayaƙin soso baƙi ne ƙirin, yana shaƙe maƙogwaro tun kafin mutum ya ga harshen wutar. Muka riƙa jan yara muna turowa tsakar gida. To tsakar gidan nan rabinta rumfar zana ce, jingine da ɗakin da ke ci. Na nufi zaure, sai na tarar da abin da ni kaina na haɗa: babur ɗin maigida a gicciye, ƙofar ƙarfe kuma da kwaɗo, domin watanni kafin nan wani yaro ya taɓa sulalewa ya fita titi, tun ranar nake garƙamewa. Makullin yana cikin jakata, jakar tana cikin ɗakin.

Ihunmu ne ya kawo maƙwabta. Wani bawan Allah ya fasa kwaɗon da guduma daga waje, wani ya kashe konta, matasa suka yi ta watsa rairayi da ruwa. Da muka fito lungu na ƙirga yara, goma. Na sake ƙirgawa, goma. Na koma da rarrafe, mayafi a hanci, ina kiran sunanta, ba ta amsa. Na same ta a lungun bayan ƙofa, ta cusa kanta cikin naɗaɗɗun tabarmi, idonta biyu, ko kuka ba ta yi. 'Yar shekara uku. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ƙone, ita kaɗai ta yi kwana biyu tana tari. Har yau in na tuna cewa da ban ƙirga ba da ban koma ba, sai gabana ya faɗi. Ƙaramin yaro in ya tsorata ɓuya yake yi, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, cikin kaya. Ba ya gudu waje, kuma sau da yawa ba ya amsa kira.

Sati bai zagayo ba na kira magini ya fasa mini ƙofa ta biyu ta bayan gida. Gidajenmu na Damagaram galibi ƙofa ɗaya ce, ta zaure, kuma don sutura aka gina su haka, ba don a tara 'ya'yan mutane 15 a ciki ba. In wuta ta tashi tsakaninki da zaure, ina za ki bi? Wannan ita ce tambayar da nake so ki tsaya a ɗakin da yaran za su kwanta ki yi wa kanki kafin ki sayi ko kujera ɗaya. Ƙofa ta biyun ta yi nesa da ta farko, kada su zama maƙwabta, kuma ta riƙa buɗewa waje, don in an taru a bayanta ana turawa ba za a iya jawo ta ciki ba. Kwaɗo kuwa na daina muddin akwai yaro a gidan. Sakata na sa can sama inda hannun yaro ba ya kai, babba kuma da hannu ɗaya zai zare ta ko da goyo a bayansa. Haka na magance sulalewar yara ba tare da na kulle su ba. Tagar ɗakin barci ma, ƙarafunan hana ɓarayin da ke jikinta na sa mai walda ya mayar da su masu buɗewa daga ciki. Babur ya bar zaure. Duk wanda ke ajiye man ruwa-ruwa a kwalba ko jarka a gidanku, ki roƙe shi ya nema masa wani wuri, man fetur da yara ba su zama gida ɗaya.

Rumfar zana kuma ki cire ta daga lissafi tun yanzu, duk da na san ita ce mai sauƙi kuma ita ce mai sanyi. Ba mu manta ba. A ranar 13 ga Afrilun 2021 yara 20 suka rasu a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yawancinsu 'yan jardan. A ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, aƙalla yara 25 'yan shekara biyar zuwa shida. Bayan wannan ne gwamnati ta hana yin azuzuwan zana ga 'yan jardan a duk faɗin ƙasa. A nan garinmu ma, cikin Fabrairun 2023, mun rasa yara uku ta wannan hanya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Zana in ta bushe ta sha iskar hunturu, kafin babba ya miƙe tsaye ta gama ci, kuma daga sama take zubo wa yara wuta. Ki yi rumfar kwano da ƙarfe, ki ɗaga ta sama don zafi, ko ki yi amfani da inuwar itace in kuna da ita.

Sai madafa. Ki raba ta da wurin yara da ƙyaure mai sakata, kuma kada ta kasance a kan hanyar fita. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, daidai inda yaranmu ke barci a kan tabarma. Ki riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas da jikin tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tiyon yana da shekarar ƙarewa a rubuce a jikinsa, ki duba. In kin ji warin gas kada ki taɓa makunnin fitila, ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofofi, ki fitar da yara. Lokacin ɗari kuma akwai abin da ya fi ba ni tsoro: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don ɗumama jarirai. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Ki ƙara musu bargo da riguna, kasko ya tsaya waje. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, in za ki yi, ki yi kafin yara su zo, ki kashe. Gidan sauro in wuta ta taɓa shi yana narkewa ya manne a fata. Wayoyin gidan kuma ki kira mai gyaran kuran na gaske ya duba, kowane abu mai jan wuta da ramin jonawarsa a bango, kada ki yi irin tawa.

Mu da muka san wahalar ruwa a Damagaram, kada ki dogara da famfo ranar gobara. Ina da duro ɗaya cike da ruwa, da murfi mai nauyi saboda kada yaro ya faɗa, ba a taɓa shi ko famfo ya yi sati bai zo ba. Ga bokiti biyu na rairayi. Wutar mai da wutar kuran ba a zuba musu ruwa: tukunyar mai a rufe ta da murfi a kashe gas, ta kuran a kashe konta tukuna. Na sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, mai kilo 6, na rataye ta kusa da ƙofar fita, allurar agogonta dole ta zauna kan kore. Ki sani cikin daƙiƙoƙi kaɗan take ƙarewa, ta ƙaramar wuta ce da aka gani da wuri. Ƙa'idata da masu taya ni ita ce ba mai taɓa ta sai an fitar da yara an ƙirga su. Na'urar jin hayaƙi mai batir ma ki nema ki liƙa a rufin ɗakin barci, ko saƙo za ki bayar a kawo miki daga Kano ko Yamai. Da ina da ita ranar nan, da ta yi ƙara tun wayar na narkewa. Ƙura tana toshe ta, sai ki riƙa gogewa kina danna maɓallin gwaji duk wata.

Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Ki rubuta ta da manyan baƙaƙe a bango, tare da kwatancen gidanki, domin a cikin ruɗu mutum yana manta sunan unguwarsu. In kin kira, ki tura wani bakin babban titi ya tarye su, lungunanmu ba kowanne mota ke shiga ba. Kafin ki buɗe ma ki je barikinsu da kanki ki roƙi su zo su duba gidan, abin da suka ce ki rubuta ki aikata, sannan ki je ofishin ilimi mai kula da jardan don maganar izini.

Yanzu duk farkon wata muna gwaji. Ina busa usur, manyan yara su kama igiya mai ƙulli-ƙulli, kowa da ƙullinsa, su bi koren sawu su fita, mu tsaya gindin bedin da ke ƙofar maƙwabcinmu, in kira suna daga littafin da nake rubuta duk yaron da aka kawo da safe. Wani watan ta zaure, wani watan ta ƙofar baya, wani lokaci ina tashinsu daga barci. Ɗaya daga cikinmu ce ke fita a ƙarshe, bayan ta leƙa bayan ƙofa da banɗaki. A wurin gwajin nan ne na gane iyakar abin da hannu zai iya: mace ɗaya, goyo ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, shi ke nan. Saboda haka a cikin 15 ɗin nan naki, ki ƙirga waɗanda ba su fara tafiya ba, kowane biyu su sami babba ɗaya. In ku biyu ne, kada ki karɓi jarirai fiye da huɗu, ko da iyaye sun roƙe ki, kuma kada ki bar gidan da babba ɗaya ko na zuwa kasuwa ne.

In tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi na randa ko na famfo za ki yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai ko manja. Ki rufe da tsabtataccen ƙyalle ki kai shi asibiti, ki kira iyayensa a hanya.

Ki faɗa mini ko bayan gidanku lungu ne ko gidan wani, da kuma inda madafa take daga zaure. In kina so, ranar Asabar ba ni da yara, sai in zo mu zagaya gidan tare mu ga inda magini zai fasa.