Shaƙiƙi, li'abi, li'ummi: me ya raba su?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Yayanmu ne ya rasu bai bar ɗa ba, a takardar rabon gado sai muka ga an rubuta wasunmu shaƙiƙai, wasu li'abi, ɗaya kuma li'ummi. Ai duk 'yan'uwa ne mu, meye na wannan rabe-raben, kuma wai Hausa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk ukun Larabci ne, ta littattafan fiƙihu suka shigo bakin malamai da alƙalai, saboda kalmarmu ta "ɗan'uwa" ta yi faɗi da yawa, asalinta ɗan uwa ne, wato ɗan mahaifiya, amma yau har ɗan kawu da ɗan goggo duk ta kwashe, to alƙali ba zai iya raba dukiya da ita ba.

Shaƙiƙi shi ne wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, daga "shaƙƙa" wato tsagawa, kamar abu guda ne aka tsaga biyu. Li'abi kuwa "li" ne aka haɗa da "ab", na uba, shi ne ɗan uba, wanda daga shi muka samo 'yan ubanci, kun dai san me ake nufi. Li'ummi uwa ce kawai ta haɗa ku.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne a gadon. Suna ɗauka ɗan uba ya fi li'ummi kusa tunda gida ɗaya aka tashi, alhali in akwai shaƙiƙi namiji to li'abi ba ya samun ko sisi, an shamakance shi. Shi ko li'ummi shaƙiƙi ba ya ture shi, rabonsa yankakke ne a Suratun Nisa'i aya ta 12: sudusi (ɗaya bisa shida) in shi kaɗai ne, sulusi (ɗaya bisa uku) in sun kai biyu ko fiye, kuma mace da namiji daidai suke raba. Sharaɗin dai kada mamacin ya bar ɗa ko 'ya, ko 'ya'yan ɗansa namiji, ko uba ko kaka namiji na wajen uba.

Su shaƙiƙai maza asaba ne, ragowa suke jira, kuma wani lokaci ragowar ba ta zuwa. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da li'ummai biyu da shaƙiƙai: miji rabi, uwa sudusi, li'ummai sulusi, dukiya ta ƙare tas. Ana ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar shaƙiƙan suka ce a ɗauka ubansu jaki ne, ai dai uwarsu ɗaya da waɗancan, sai aka shigar da su cikin sulusin. Shi ya sa malaman gado ke kiran mas'alar Himariyya, daga "himar", jaki, kuma a kan haka Malikiyya suke. Naku lissafin dai sai an san ko mahaifinku na raye da kuma ko yayan naku ya bar mata.