Tambayi Likita: Ana iya rainon fata ko ƙoda a ɗakin gwaje-gwaje?

Tambaya: Likita, ɗana ya ƙone da ruwan zafi a ƙirji, an ce za a yanko fatar cinyarsa a dasa masa. Na ji ana cewa Turawa na rainon fata a kwalba, ba za a yi masa haka ba? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Hajiya. Abin da kika ji gaskiya ne. Ana yankar fata 'yar mitsitsiya, a raini ƙwayoyin halittarta wajen mako uku har su zama shimfiɗa. Da ita aka ceci wasu yara biyu a Boston ta Amurka a 1983, bayan wuta ta cinye kusan duk jikinsu. Sai dai fatar siririya ce, tana yagewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ba gashi ba gumi, ga ɗan karen tsada. An tanade ta ne ga wanda bai da sauran fatar da za a ɗiba. Ta cinyar ɗanki ta fi ta ƙwari, wurin da aka yanka kuma kan warke cikin mako biyu zuwa uku. Ki bari a yi.

Tambaya: Shekara biyu mahaifinmu na wankin ƙoda. Wani ya ce mu kawo kuɗi a ƙera masa sabuwa a ƙasar waje. Mu biya? Wani ɗalibi daga Maraɗi.

Amsa: Ko sisi kada ku ba shi, ɗana. Har yau ba a ƙera ƙodar da aka dasa wa mutum ba. E, tun 1999 Dokta Anthony Atala ya fara dasa wa yara mafitsarar da aka raina daga ƙwayoyin jikinsu, amma mafitsara jaka ce kawai. Ƙoda ɗaya na ɗauke da matatai kusan miliyan guda, kowacce da jijiyar jininta, kuma ƙwayar halitta na mutuwa idan ta yi nisa da jini ko da kaurin 'yan silin gashi ne. Saƙa waɗannan jijiyoyin shi ne ya gagari masana.

Gaggawa ma ta taɓa jawo asarar rayuka. Wani likita mai suna Paolo Macchiarini ya dasa wa marasa lafiya maƙogwaron roba a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin daga 2011, suka rasu, kotun Suwidin ta yanke masa ɗauri a 2023. Ku dai ku nemi ɗan'uwan da jininsa ya dace da na mahaifinku ya ba shi ƙoda, ana dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Tambaya: Gwiwata ta cinye, ko sujada da ƙyar nake yi. Akwai sabon guringuntsi? Wani dattijo daga Kumasi.

Amsa: Akwai, Baba, amma faci ake yi da shi a ƙaramin rami, galibi ga matasan da suka ji ciwo wajen ƙwallo. Gwiwar da shekaru suka cinye sai rage ƙiba, motsa jiki da magani, in ta ƙi a sa ta ƙarfe. Kafin nan, yi sallarka a kan kujera.