Maƙwabcina ya sa ni gaba a Florida: ko doka ta ba ni damar harbinsa?

Tambaya: Barista, ina karatu a Orlando ta jihar Florida da bizar ɗalibi. Maƙwabcina ya sa ni gaba kan wurin ajiye mota, sau biyu yana zuwa ya bubbuga min ƙofa yana zagi. Abokina ya ce a jihar nan ba sai ka gudu ba, duk wanda ya tsorata ka kana iya harbinsa, doka za ta wanke ka. Ina tunanin sayen bindiga. Mene ne shawararka?

Amsa: Malam, abokin naka a tsakiya ya tsinci zancen. Labarinka kaɗai na ji, ban ji na maƙwabcin ba, don haka ka ɗauki wannan a matsayin haske kawai, kafin ka zauna da lauya mai lasisin aiki a jihar.

Gaskiya ne tun 2005 Florida take da dokar da ake kira Stand Your Ground. Ta ɗauke wa mutum wajibcin ja da baya kafin ya kare kansa, muddin yana inda yake da ikon zama kuma ba laifi yake aikatawa ba. Amma ba ta ce tsoro kaɗai ya isa ba. Kafin ka yi amfani da ƙarfin da zai iya kisa, sai ya zamana duk mai hankali da ke matsayinka zai gaskata cewa mutuwa, ko mummunan rauni, ko babban laifi na ƙarfin tuwo na gab da aukuwa. Zagi da bubbuga ƙofa, yadda ka bayyana su, da wuya su kai nan. In kuma aka ga kai ka tono rigimar, galibi kariyar ta kuɓuce maka.

Haɗarin dokar ke nan: mai bindiga yana yanke hukunci cikin daƙiƙa biyu, masu taya alƙali hukunci kuma su zauna su tantance shi a tsanake. A 2018, a garin Clearwater na jihar, Michael Drejka ya harbe wani mutum da ya hankaɗe shi ƙasa, kan wurin ajiye mota kamar naku. Da farko ba a ma kama shi ba saboda wannan doka. A 2019 aka same shi da laifin kisa, shekara 20 a kurkuku. A 2023, a garin Ocala na jihar, Susan Lorincz ta harbe maƙwabciyarta ta cikin ƙofa a kulle, ta ce tsoro ta ji. Shekara 25 ta samu. Su ma sun ɗauka doka na bayansu.

Kada ka manta kuma, inuwar da dokar ta ba ka ta ba maƙwabcin naka. Ya hango bindiga a hannunka, sai ya riga ka, ya ce ransa ya kare, kai kuwa ba ka nan balle ka musa. Wani bincike da mujallar likitanci ta JAMA Internal Medicine ta buga ya gano kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 24 cikin ɗari a jihar bayan fara aiki da dokar.

Ga wanda ya fi shafarka, wanda na tabbata abokin naka bai ambata ba. Dokar tarayyar Amurka ta hana mai bizar ɗalibi riƙe bindiga, sai a wasu ƙayyadaddun yanayi, kamar mai lasisin farauta. Wato riƙe ta kaɗai na iya jawo maka tuhuma, soke biza da kora, ko da ba ka taɓa ɗana ta ba.

Abin yi sananne ne. Rubuta rana da lokacin kowane zuwa, ka ɗauki bidiyo daga ciki, kada ka buɗe ƙofa. In ya dawo, kira 911, lambar kiran gaggawa. Ka kai ƙorafi a rubuce ofishin masu kula da gidan, domin su ya kamata tun farko su raba muku wurin motar. In barazanar ta ci gaba, kana iya neman kotu ta ba da umarnin ya nisance ka, kodayake sai hujjarka ta cika sharuɗɗan.

Ni dai sulhu na fi so maka. Mutumin da zai riƙa dukan ƙofar mutane kan wurin mota ba ya burge ni, amma irinsa kan sauko in an zaunar da shi gaban mai shiga tsakani. Tambayi ofishin ba ɗalibai shawarar shari'a na jami'arku yadda za a haɗa zaman. In ya ƙi, ka roƙi masu gidan su sauya maka ɗaki a wani ɓangaren.