Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan haƙoran roba na cirewa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun da safe na ga tambayarki, na ɗauki waya na ajiye ya fi sau uku kafin na iya fara rubutu, don wallahi kamar ni ce na rubuta ta shekara 9 da suka wuce. Kin ce an cire miki haƙora uku na sama ta gaba, likita ya ce a yi miki na roba mai cirewa, kina son sanin ko yana ciwo, ko ana iya cin abinci da shi, ko mutane za su gane. Sai can ƙarshe kika ƙara layi ɗaya kamar mai jin nauyin faɗa: ko za ki iya kwana da shi a baki don kada maigida ya ga giɓin. Wannan layin ne ya zaunar da ni. Don girman Allah kada ki kwana da shi. Ni na kwana da nawa, ba don Allah ya yi da sauran kwanana ba da yanzu wani zancen ake.

Nawa biyu ne, su ma na sama ta gaba. Faɗuwa na yi a kan matakala, ɗaya ya fita nan take, ɗayan ya tsage har saiwa dole aka cire shi. Ba sai na gaya miki halin da mutum ke shiga ba, kina ciki. Likitan da ya cire ya ce in dawo a yi awo, kuma aikin zai ci zuwa uku ko huɗu. Ni kuwa a lokacin wuni ɗaya da giɓi ji nake kamar shekara. Sai wata ƙawata ta ce ta san wani mai haɗa haƙori da ke gamawa rana ɗaya. Ba zan kama sunansa ba, shi da Allah. Mutumin nan bai duba sauran haƙorana ba, bai ɗauki hoto ba, bai tambaye ni ko ina da wata lalura ba. Ya cusa min abin awo a baki, da yamma ya miƙo min 'yar roba da ba ta wuce kan babban yatsa ba, haƙora biyu a jikinta, babu ƙugiyar da za ta kama haƙoran gefe, babu komai. Na duba madubi na fashe da kuka don murna, har addu'a na yi masa.

Wata huɗu aka yi ya fara rawa. In ina magana sai in ji yana saukowa, in sa harshe in tura shi sama. Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya likita ya zana min a takarda: da zarar an cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwarsa zai fara zaizayewa, kuma ya fi saurin zaizayewa a wata 3 zuwa 6 na farko. Dasashi sai ya bi shi ya lotsa. Saboda haka duk robar da aka yi wa mutum da ɗanyen rami dole ta yi sako-sako, ko wane gwani ne ya yi ta. Gyaran shi ne a yi mata ciko ta ciki ta sake zama daidai, ko a yi sabuwa in wurin ya gama zama. Ki riƙe wannan, tunda ke ma kwanan nan aka cire miki.

Shi ko mutumin nan da na koma, sai ya kwaɓa wani abu ruwan hoda mai warin sinadari, ya shafe min shi tsakanin robar da haƙoran da ke gefe, ya manne su wuri ɗaya. Ya ce, kin huta da cirewa har abada. Na yi wata 14 da abin nan a manne a bakina. Wata 14, 'yar'uwa, buroshi bai shiga ƙarƙashinsa ba. Dasashina ya kumbura, in na goge baki sai jini. Warin kuwa ni kaina ina jin sa. Ranar da 'yata, tana da shekara 5 a lokacin, na sunkuya zan sumbace ta ta kawar da kai ta toshe hanci, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka kamar raina zai fita. Sau biyu ina komawa wurinsa. Na biyun, a gaban mutanen da ke jiran layi ya ɗaga murya ya ce ni ce ba na tsabtace bakina, wai aikinsa ba ya wari. Na fito ina rawar jiki, kuma abin takaicin na yarda da shi. Na ƙara yawan goge baki har sau biyar a rana, ina ganin laifina ne. Har yau in na tuna fuskarsa lokacin da yake faɗar maganar nan sai zuciyata ta yi zafi. Ya san abin da ya yi. Ba zai yiwu mutum ya shekara da shekaru yana wannan aikin bai san abin da ke faruwa a ƙarƙashin mannin ba.

Wani dare wajen ƙarfe 3 na farka da wani abu tokare a maƙogwarona. Na yi ƙoƙarin haɗiye yawu ya ƙi wucewa. Na kai harshe gaba na ji wayam, giɓi. Mannin ya ɓalle ina barci, robar ta bi ta wuce. Yawu na ta zuba a rigata, magana ta gagara, sai bugun maigida nake ina nuna masa wuyana. Kin ga giɓin da na shekara fiye da ɗaya ina ɓoye masa, a daren nan ya gan shi, ina zubar da yawu idanuna a waje. A asibiti aka ɗauki hoton wuya da ƙirji, ba a ga komai ba. Wanda ya fara duba ni ya ce wataƙila ta wuce ciki, ƙarzanar da ta yi min ce nake ji. Ina girgiza kai, ina nuna wurin da yatsa. Sai da babban likita ya zo ya ce irin wannan robar sau da yawa ba ta fitowa a hoton eksire in babu ƙarfe a jikinta, rashin ganinta bai nuna ba ta nan ba. Aka sa min maganin barci aka zura na'ura mai kyamara, aka same ta maƙale a saman hanyar abinci. Ya ce da ta huda wurin, ko da hanyar numfashi ta bi, da aikin ya fi haka girma. Kwana uku na yi ana ƙara min ruwa, ban sa komai a baki ba.

Da na warke na koma wurin likitan haƙori na gaskiya, wanda na guje wa tun farko saboda gaggawa. Ya kankare ragowar mannin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ba ni madubi. Haƙoran nan biyu na gefe, lafiyayyu ƙalau kafin in je wurin mutumin can, sun ruɓe daga wuya. Ɗaya bai cetu ba, aka cire. Ɗayan aka cire jijiyarsa aka cike. Na shiga da giɓin haƙora biyu, na fito da uku.

Yanzu shekara 7 ke nan ina sanye da mai firam ɗin ƙarfe, kuma lafiya lau nake, don kada labarina ya sa ki tsorata da abin baki ɗaya. Sau ɗaya aka yi masa ciko, sau ɗaya aka matse ƙugiya. Ciwo da kika tambaya, e, makon farko da na biyu za ki ji bakinki ya cika, yawu zai yi yawa, harafin s zai riƙa fita da iska. Ki riƙa karatu da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki, harshe na saurin sabawa. In ya goge miki dasashi ya yi gyambo, kada ki daure, kada kuma ki sa wuƙa ko abin gyaran farce ki ce za ki rage shi. Ki koma, amma ki sa shi na wasu awanni kafin ki je, don likita ya ga jan wurin ya san inda zai rage. Ni sau uku na koma a watan farko, ba wanda ya nuna min gajiyawa. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba kuwa, ko ba ya ciwo, a duba shi.

Cin abinci ki fara da mai laushi, ki yayyanka ƙanana, ki tauna ta gefe biyu a tare. Tunda naki na gaba ne, kada ki riƙa gatsa abu mai tauri da su, yana ɗaga robar ta baya. Abu mai danƙo ma yana fizgo shi. Ba zai taɓa zama kamar wanda Allah ya halitta miki ba, wannan gaskiya ce, amma za ki ci ki ƙoshi.

Ki tambayi likitanki wane iri zai yi miki. Akwai na roba zalla, ya fi sauƙin samu, yana da kauri, yana rufe ganɗa, a kan dasashi yake zama, amma ana iya ƙara masa haƙori in an sake cire wani, kuma shi aka fi bayarwa na wucin gadi kafin rami ya warke. Akwai irin nawa na ƙarfen kobalt da kuromiyam, siriri ne, yana jingina nauyinsa a kan haƙoran da suka rage, sai dai yana son zuwa da yawa kafin a gama. Akwai mai lanƙwasuwa na nailan, ƙugiyarsa kalar dasashi ce ba a ganin ta, mutane na son sa don kyau, amma ciko da gyara suna wahala a kansa. Ko wanne ne, in ya yi ƙanƙantar da za ki iya haɗiye shi kuma babu abin da ke riƙe shi, ki ƙi karɓa. Ganewar mutane kuma, yawanci launi ne ke tona asiri. Kada ki zaɓi wanda ya fi sauran haƙoranki fari. Ranar gwaji, lokacin da haƙoran ke kan kaki ba a gama ba, ki fita da madubi cikin hasken rana ki duba, ki tafi da tsohon hotonki da kike dariya. Ki tambaya a ina ƙugiyar za ta zauna, don kada ta fito in kin yi murmushi.

Na ga wasu sun ce miki ki yi dashe kawai, wato a kafa ƙarfe cikin ƙashi a ɗora haƙori a kansa. Dashe yana da kyau, amma sai akwai isasshen ƙashi, kuma ana jiran watanni kafin ƙarfen ya kama, ba kowa ke da halinsa ba. Na mannawa da likitoci ke ce wa gada kuma, yawanci sai an feƙe haƙoran gefe. Ni bayan abin da ya same ni ban iya yarda a taɓa min lafiyayyen haƙori ba, wannan ra'ayina ne. Ke kuma yayarmu da kika sa baki a wannan tambaya kika ce turminki ɗaya na can ƙarshe ya fita kina tunanin yin roba, ki fara tambayar likita ko ma kina buƙata. Tun 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ake so mutum ya riƙe tsawon rayuwarsa, cikin 32. Ba kowane giɓin baya ake cikewa ba, ko da yake na gefe na iya karkatowa cikin ramin, na sama ko na ƙasa ya zazzago, shi ya sa sai an duba.

Wanki: bayan kowane cin abinci ki cire ki ɗauraye. Da dare ki wanke da buroshi mai laushi da sabulun ruwa marar ƙarfi, ba man goge baki ba, yana ƙarzar robar datti ya samu wurin zama. Ki tara ruwa a kwano ko ki shimfiɗa tawul a ƙasa kafin ki fara, in ya suɓuce a kan abu mai tauri tsagewa yake. Ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa shi. Ban da bilic in akwai ƙarfe, yana cin ƙarfen. Ya kwana cikin ruwa a mazubi mai murfi, inda yara ba sa kaiwa. In ya karye kada ki kusance shi da sufa gulu. Kuma ko ba maganar haɗiyewa, kwana da shi na kawo fangas ɗin da ake kira Kandida, ganɗa ta yi ja wur a ƙarƙashin robar, musamman ga mai ciwon suga. In kina da suga ki gaya wa likita tun ranar farko. In za a yi miki tiyata ko wani aikin da za a sa ki barci, ki faɗa musu kina da shi a cire.

Haƙoran da ƙugiya ke kamawa, su ne nake roƙon ki a kansu. A nan datti ke taruwa, a nan ruɓewa ke farawa a ɓoye. Ki cire robar ki goge su ta kowane gefe da man da ke da fuloraid safe da dare, ki riƙa zuwa ana duba su ko ba ki jin komai, ni duk wata 6 nake zuwa.

Maigida kuma, ban san naki ba, ba zan ce miki ga yadda zai yi ba. Nawa dai da muka dawo daga asibiti abin da ya ce shi ne, ashe saboda ni kika kusa kashe kanki? Ya yi kwana biyu yana fushi, ba don giɓin ba, don ɓoyewar. Shi ya sayo min mazubin da nake ajiyewa har yau. Dararen farko sai na kashe fitila nake cirewa, in riga shi tashi in mayar. In haka zai fi miki sauƙi ki yi hakan, babu laifi, in dai ya fita daga bakinki kafin barci ya ɗauke ki.

Ki gaya min yaushe aka cire miki su, kuma wanda zai yi miki robar likita ne ya tura ki wurinsa ko ke kika samo shi. In kina son ganin yadda nawa yake da inda ƙugiyar ta zauna, ki yi min magana ta akwatin saƙo in turo miki hoto.